Minti Biyar Ɗin Baba Tela

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo tun jiya da "Agogo ba ki da imani", na gani, ban kuma yi musu ba. Ke kuma baiwar Allah da kika ce da ke ce Malama Babba da kin wanka min mari, adana tafin hannunki tukuna, ba ki ji komai ba.

*

Kwana huɗu ke nan da taron karrama Malama Babba, shugabar makarantarmu da ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ni na shirya taron, don shirya taro shi ne abincina. Kowa yabo yake yi, wai ba a taɓa ganin taron da ya tashi a kan lokaci irin wannan ba. Ni kuwa duk wanda ya yaba sai in ji kamar ruwan zafi ya watsa min.

Safiyar Laraba ina ofis, na zube rigunan kujeru a ƙasa ina ware masu tabon mai, sai ga Aku ya turo ƙofa.

"Uwar ɗakina, kin rame."

"Aku, ajiye makirfon ka kama gabanka. Yau ba ni da bakin surutu."

Aku shi ke gabatar min da taro shekara shida ke nan. Mutum ne da in ka miƙa masa makirfo sai ka haɗa shi da Allah kafin ya dawo maka da shi. Amma ranar ya shigo ba waƙa ba kirari, ya nemi wuri ya zauna a kan rigunan da na gama ninkewa.

"Tashi min daga kan kaya."

"Mai bidiyo ya kira ni."

Na ci gaba da ninki.

"To sai aka yi yaya?"

"Ya ce tsohon ya fito a bidiyon. Tar da shi. Minti biyu da rabi yana tsaye a gefen lasifika da takarda a hannu, ni kuma ina can ina washe baki ina kiran lamba ta goma a jadawali."

Rigar da ke hannuna ta zame ta faɗi.

Bari in faɗa muku yadda aka yi, wannan karon ba tare da na rage komai ba.

Malama Babba da ƙaninta Baba Tela uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Ranar da mahaifiyarsu ta rasu Malama tana makaranta tana tsaron jarrabawa. Sau uku aka aiko mata, tana cewa bari a karɓi takardu. Ko da ta iso an riga an lulluɓe tsohuwa. A gaban mutane Baba Tela ya dube ta ya ce, "Koma wurin 'ya'yan mutane, su ne naki." Daga ranar kowa ya kama tsaginsa.

Saura sati uku taro Malama ta ja ni gefe.

"Agogo, ki sa min shi a jadawali. Minti biyar. Ko zagina zai yi, ya zo ya yi a gaban mutane, in dai zai buɗe baki ya yi min magana."

Ni na kai masa katin gayyatar har shagonsa. Ya cire tabarau, ya juya katin gaba, ya juya shi baya.

"Ita ta ce?"

"Ita ta ce, Baba."

Kuma ya zo. Tun kafin a gama jera kujeru ya zo, cikin sabuwar riga ruwan toka da karin guga bai sake ta ba.

Sai babban baƙo ya makara awa ɗaya da minti goma. Kujera huɗu na ware masa, ya iso da mutum tara, kowa da tumbinsa kowa yana son gaba. Na kwashe sunayen da na jera a babban tebur, na kama hannun Baba Tela na kai shi gefen lasifika, bayan ginshiƙi, na ce ya ɗan zauna nan kafin a kira shi. Lokacin Malama ba ta shigo zauren ba tukuna, da ta shigo kuma, daga inda ta zauna ba ta hango wurin.

Mai kula da zauren taron kuma yana bina kamar jela.

"Ƙarfe huɗu ku fita, biyar akwai wasu."

Na ciro jan biro. Na soke waƙar ɗalibai. Na soke jawabin tsofaffin malamai. Na soke lamba ta tara, jawabin ɗan'uwa.

Da na so in ce muku mantawa na yi ko wane ne lamba ta tara. Ban manta ba. Cewa na yi a raina, in an tashi sai in haɗa su a waje su gaisa, ai duk ɗaya ne.

Da lamba ta takwas ta ƙare Baba Tela ya miƙe da takardarsa. Aku ya kira ta goma. Tsohon ya tsaya, ya tsaya, sannan ya lallaɓo inda nake.

"'Yata, kamar an tsallake ni."

Waya na kunnena, mai abinci na ja min gyale, mai janareta na ɗaga min hannu. Sai na faɗi abin da duk mai shirya taro ke faɗa in yana son a sarara masa. Na faɗe shi ya fi sau ɗari a wurare daban-daban, bai taɓa cin kowa ba.

"Baba, masu taro ne suka ce a cire."

Ya dube ni.

"Ita ta ce?"

"Eh Baba, sai haƙuri."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya fita ta ƙofar masu shigo da abinci.

Da aka tashi Malama ta riƙo hannuna, idonta na yawo a kan kujeru.

"Ya zo?"

Tsoro ya kama ni. Na ce, "Ban gan shi ba, Malama."

To kun ji. Abin da ke cina ke nan kwana huɗu.

Na dubi Aku.

"Ka ce wa mai bidiyo ya yanke wurin."

"Ni? A'a, uwar ɗakina. Makirfo aka san ni da shi, ba almakashi ba."

"Minti biyu ne fa kawai."

"Da ma minti biyar ne kawai, ga inda ya kawo mu."

"Kai ma ai kana ciki. Da bakinka ka tsallake shi."

"Da bakina, da bironki. Ni abin da aka soke nake tsallakewa. Da kin ce min ɗan'uwanta ne da suke gaba, wallahi da babban baƙon zan katse, ya yi ta fushinsa." Ya gyara zama. "Ki je ki faɗa mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"In faɗa mata ta kalle ni da wane ido? Matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni?"

"Da idon da za ta kalle ki in wani ya riga ki faɗa."

Na harare shi, na ɗauki wayata ina neman lambar mai bidiyo da kaina. Na same ta, yatsana na kai, sai na ji sallama a bakin ƙofa.

Muryar da ko a mafarki na ji sai na gyara tsayuwa.

Malama Babba ce, da jaka a hannu.

"Lale, Malama! Sannu da zuwa. Aku, kujera!"

"Zauna abinki, Agogo. Kai kuma mai baki, kana nan? Ranar nan ka sa ni dariya har na manta da ciwon gwiwa."

Aku ya russuna ya gaishe ta, ko murmushi bai yi ba.

Ta zauna a hankali, ta buɗe jakar, ta ciro wani abu nannaɗe a tsohon tawul ta ɗora min a kan tebur. Na warware. Ƙararrawar makarantarmu ce, ta hannu, mariƙinta ya sha gumi har ya yi baƙi.

"Kin gane ta?"

"Malama..."

"Shekara uku kina kaɗa ta, ko sau ɗaya ba ki makara ba. Shi ya sa na sa miki Agogo. Sun sa ta lantarki yanzu, za su jefar da wannan, na ce a'a, na san mai ita." Ta yi murmushi. "Kin fitar da ni kunya, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin da wata murya da ban san ta ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

"Na zo kuma in yi miki sallama. Jibi zan tafi wurin babban ɗana. Ya matsa, ya ce ba zan zauna ni kaɗai a gida ba. Tafiyar da nisa, ban san ranar dawowa ba, in ma akwai dawowar."

"Jibi, Malama?"

"Jibi." Ta murza bakin jakarta. "Da na yi niyyar in biya ta shagonsa. Har na sa an tsayar da mota a bakin layin jiya. Sai na ce wa kaina, ke tsohuwa, ina hankalinki? Wanda aka kai wa kati har hannu ya ƙi zuwa, ai ya ba ki amsa."

Aku ya yi gyaran murya. Ban kalle shi ba.

"Kin san ranar nan," ta ci gaba, "duk jawabin da ake yi ba na ji. Ƙofa nake kallo. Duk wanda ya shigo sai gabana ya faɗi. Da na ji an wuce wurinsa sai na ce shi ke nan, Agogo ta ga bai zo ba ta rufa min asiri."

Hawaye ya cika min ido.

"Kar ki yi min kuka, ba laifinki ba ne. Laifina ne. Ni na bar uwata tana kirana ina ƙirga takardu. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, to shi ya yanke ya yar, kuma ban ga laifinsa ba."

Wallahi maganar ta taso min har maƙogwaro. Na buɗe baki. Na ga fuskarta, na ga ƙararrawar a kan tebur, sai na ji bakina ya ce:

"Allah ya kyauta, Malama."

Aku ya miƙe tsam, ya je bakin taga ya juya mana baya.

Ba a yi minti ɗaya ba aka banko ƙofa, ba sallama.

Wata mata ce da ba za ta wuce shekara talatin ba, gyalenta a karkace, idanunta jajur. Na taɓa ganinta sau ɗaya a shagon Baba Tela tana sa maɓalli. Autarsa ce.

"Gwaggo! Na je gidanki aka ce kina nan."

Malama ta miƙe da ƙyar.

"Auta? Ke ce kika girma haka? Zo nan, zo..."

"Kar ki taɓa ni."



"Tambaya ɗaya na zo in yi miki in tafi. Me ya yi miki da zafi haka? Shekara goma sha ɗaya ba ta ishe ki ba, sai kin kira shi cikin mutane kin tozarta shi?"

"Wa na tozarta?"

"Babana! Ƙaninki!"

"Auta, ki yi magana a hankali. Babanki na gayyata, bai zo ba."

Auta ta yi wata dariya mai ciwo.

"Bai zo ba? Kwana uku yana ɗinka rigar da zai sa. Mutumin da ya shekara bai ɗinka wa kansa ko hula ba. Ya mayar da aikin mutane gefe, ya zauna yana rubuta yana gogewa, yana tambayata, 'Auta, in ce Yaya ko in ce Malama?' Ni na raka shi har bakin zauren!"

Malama ta dafa tebur.

"Ya zo?"

"Ya zo, kuka ajiye shi bayan ginshiƙi kamar kayan wanki. Da lokacinsa ya yi ya miƙe, aka wuce shi. Ya tambaya, aka ce masa ke kika ce a cire shi."

"Ni?"

"Ke. Har sau biyu ya tambaya. Ya dawo gida ya rataye rigar, ya ce min, 'Ta rama, Auta. A gaban mutane na yi mata, a gaban mutane ta yi min. Mun yi daidai.'"

"Wa ya ce masa ni na ce?"

"Mai shirya taron. Ya ce wata ce mai waya a kunne."

A lokacin ne Auta ta waiwayo ta gan ni sosai. Malama ma ta juyo. Aku ya juyo daga taga.

Ido shida a kaina. Wayata kuma na hannuna, lambar mai bidiyo na haske a kai.

"Agogo," in ji Malama, a hankali. "Faɗa mata bai zo ba."

Na kifa wayar a kan tebur.

"Agogo, da ke nake."

Na durƙusa a kan rigunan kujerun nan.

"Ya zo, Malama."

Na ci gaba ban ɗago ba.

"Ya zo tun kafin kowa. Ni na ɗauke shi daga babban tebur na ba mutanen babban baƙo wurinsa. Ni na soke sunansa, lokaci ne ya ƙure min. Da ya tambaye ni na ce masu taro ne suka ce. Ya ce ke kika ce, na ce eh. Wallahi Malama ba ki sani ba, Auta, wallahi ba ta sani ba, ƙofa take ta kallo tana jiransa. Ni ce. Ni kaɗai ce."

"La ilaha illallahu," in ji Auta, ta ɗora hannu a ka. "Saboda me? Me ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba."

"To saboda me?"

"Don a tashi ƙarfe huɗu."

Da na faɗe shi da bakina sai na ji yadda ya yi ƙanƙanta, na fashe da kuka.

Auta ta yo kaina, Aku ya shiga tsakani.

"Yi haƙuri, ƙanwata. Ki bari a gama ji."

"A gama jin me? Ku mutanen banza ne! Mai tumbi ya makara ku jira shi awa guda, talaka ya zo da wuri ku soke shi da biro!"

Gaskiya ta faɗa.

Malama ta koma ta zauna. Na so ta zage ni. Na so ta ɗauki ƙararrawar nan ta kwaɗa min a ka. Amma sai ta tambaye ni da muryar da take tambayar ɗalibi a ofis:

"Sau nawa kika yi ƙarya a kan maganar nan?"

"Sau biyu, Malama. Ɗaya gare shi, ɗaya gare ki."

"Uku."

Na ɗago.

"Yanzu na zauna a gabanki na ce ɗan'uwana ya yanke ni ya yar, kika ce min Allah ya kyauta. Da yarinyar nan ba ta shigo ba, da haka za ki bar ni in tafi jibi?"

Na sunkuyar da kai.

"Amsa nake jira."

"Da haka zan bar ki, Malama."

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar wadda aka faɗa wa sakamakon da ta riga ta sani. Wannan gyaɗa kan ya fi min mari ciwo.

Ta juya ga Auta.

"Yana shago?"

"Yana asibiti."

"Asibiti? Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Ya ƙi abinci, ya ƙi shan maganin hawan jininsa, wai ba ya jin komai. Litinin da hantsi yana kan keke yana ɗinki sai ji na yi ƙarar ta tsaya. Na leƙa na gan shi a ƙasa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya jikin?"

"Ki zo ki gani da idonki."

Ta zuge jakarta ta ciro wata takarda mai ninki huɗu, ta ajiye a cinyar Malama.

"A aljihun rigar na same ta. Da niyyar in jefa miki a fuska na taho da ita."

Malama ta warware. Ta laluba tabarau ba ta samu ba, ta nisantar da takardar, ta matso da ita. Sai ta miƙo min.

"Karanta."

"Malama, don Allah..."

"Ke kika hana shi karantawa. Karanta."

Na karɓa. Rubutun manya-manya ne, da fensirin da yake zana yadi, an goge wurare da yawa har takardar ta kusa hujewa.

Na fara.

"Yaya. Ban iya jawabi ba, ɗinki na iya. Na zo ne in faɗi wata magana a gaban mutane, tunda a gaban mutane na ɓata miki. Ranar da Inna ta rasu na ce kin bar ta kin tafi wurin 'ya'yan mutane. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni ma ba na nan. Ta ce in zauna, na ce bari in kai wa wani kayansa in dawo. Ko da na dawo ta cika, ita kaɗai a ɗaki. Minti kaɗan na riga ki isowa. Kunya ce ta ishe ni, na rasa inda zan sauke ta, na sauke a kanki. Shekara goma sha ɗaya kina ɗauke da kayana. Yaya, ki..."

Na kasa ƙarasawa.

Malama ta toshe bakinta da gyale. Wani sauti ya fito mata wanda ban taɓa zaton zai fito daga matar da makaranta guda ke tsoro ba. Auta ma da ta shigo da faɗa sai ga ta durƙushe a gabanta, ta kifa kai a gwiwarta suna kuka tare.

Ni kuwa ina riƙe da takardar. Na duba tsawonta, irin duban da na saba yi wa jawabin mutane. Ko minti biyu ba za ta ci ba.

Malama ta share fuska, ta miƙe, ta kama wuyan hannuna. Tsohuwa ce, amma riƙon ya shige ni.

"Tashi."

"Ina za mu, Malama?"

"In ni na ce masa ban sani ba, zai ce kunya ce ta sa ni musu. Bakin da ya ce masa ni na ce, shi zai je ya warware."

Aku ya ɗauko makullin motarsa ba tare da an tambaye shi ba.

Muka ɗauki hanyar asibiti. Rana ta take, motoci sun cushe a mahaɗa, ni ina gaba ina ta haɗa kalmomin da zan faɗa suna wargajewa. Na saba tsara wa mutane abin da za su ce da lokacin da za su ce shi, yau ga nawa ya gagare ni.

Ɗakin maza ne, gado takwas, nasa na ƙarshe kusa da taga. Tun daga ƙofa Auta ta tsaya ta riƙo gyalen Malama.

"Gwaggo, akwai abin da ban faɗa miki ba."

"Mene ne?"

"Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana ji, yana ganewa, amma..." Ta kalli gadon. "Bakin ya tafi. Tun Litinin ko kalma ɗaya bai furta ba. Likita ya ce ba su sani ba ko za ta dawo."

Ranar Asabar mutumin nan yana da baki, yana da takarda, yana tsaye da ƙafafunsa. Ni na ce masa babu lokaci.

Malama ta saki hannuna, ta taka a hankali har bakin gadon. Ya rame, bakinsa ya karkace gefe guda, idonsa a rufe.

"Ɗan Inna," ta ce. "Ni ce. Yayarka ce."

Ya buɗe ido.

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sai ƙirjinsa ya fara hawa da sauka, leɓensa na motsi ba abin da ke fita sai iska. Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar.

Malama ta miƙa nata za ta kama.

Ya kauce mata. Ya miƙe yatsa ya nuna mata ƙofa.

"Baba, tsaya ka ji," in ji Auta.

Ya sake nunawa, da ƙarfi, har gadon na girgiza. Wata nas ta taho da gudu.

"Me kuka yi masa? Jininsa zai hau! Ku fita, duk ku fita!"

Ta kama kafaɗar Malama tana juya ta. Na ga tsohuwar nan ta sunkuyar da kai, ta fara takawa za ta fita kamar ɗalibar da aka kora daga aji.

Ban san lokacin da na ture nas ɗin na wuce ba. Na faɗi a gaban gadon, na ƙanƙame ƙarfensa da hannu biyu, na ɗaga murya har marasa lafiyar sauran gadajen suka juyo.

"Baba, ba ita ta ce ba! Ƙarya na yi maka! Ni ce!"

Hannunsa ya tsaya cak a sama.

A hankali idanunsa suka bar kan Malama, suka sauko kaina.